Jami'in da ya shiga ƙarƙashin motata

Assalamu alaikum. Ni direban tirela ne, kuma a kan sitiyari furfura ta same ni. Duk inda direbobin manyan motoci suka zauna, ko me aka fara hira a kai, ƙarshenta sai an gangaro kan jami'an da ke tare mu a hanya. Kowa da labarinsa, kowa da irin zagin da yake yi musu. Nawa labarin ya ɗan sha bamban da wanda aka saba ji, shi ya sa na ga ya dace in rubuta shi, musamman saboda yaran da ke shigowa sana'ar yanzu. Ba zan ambaci sunan kowa ba, wasunsu suna raye, kuma ba tonon silili ya kawo ni ba.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, karatu ya tsaya, kawuna ya kama hannuna ya danƙa ni ga wani direba abokinsa. Haka na zama yaron mota. Ni ne wanke mota, ni ne ɗaure tamfol, ni ne dira da gudu in sa waigi idan an tsaya a hawa, ni ne kwana ƙarƙashin bodi ina gadin kaya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne kuma gwanin tuƙi. Yana iya juya tirela da baya a lungun da wani ba zai shigar da ƙaramar mota ba. Darasin farko da ya koya mini game da jami'an hanya shi ne yadda ake naɗe kuɗi a sa tsakanin takardun mota. Ya ce idan an ɗaga maka hannu ka sauko da fara'a, ka ce ranka ya daɗe, kada ka yi musu, kada ka nuna ka san doka, kuma kada ka bari maganar ta yi tsawo. Ya koya mini jin lafiyar inji da kunne, ya koya mini canza giya ba tare da ta yi ƙara ba. Yadda birki yake aiki daga ciki kuwa bai taɓa yi mini bayani ba, kuma na tabbata shi ma ba a yi masa ba. A wurinmu birki aikin bakanike ne, namu mu taka.

Wanda bai taɓa zama a cikin babbar mota ba, da wuya ya gane yadda tsayuwar nan take ci wa direba rai. Masu tare mu iri-iri ne: akwai masu duba takardu, akwai masu duba lafiyar mota, akwai masu sikeli, akwai masu karɓar haraji, akwai ma waɗanda har yau ban san wa ya aiko su ba. Da yawansu ba sa kallon motar, fuskarka suke kallo. Zai tambayi lasin, ka ba shi. Inshora, ka ba shi. Abin kashe gobara, ka ɗauko, ya juya shi yana neman kwanan wata. Idan wannan ma ya yi daidai sai ya koma kan fitila, ko madubi, ko ya ce lambar motar ta yi ƙura. Babban makaminsa lokaci ne. Ya riƙe takardunka ya koma inuwa ya zauna, ya san kana da wanda ke jiran kaya, ya san dare na yi maka. Su kuma masu motoci sukan ba direba kuɗin hanya a dunƙule, a ciki zai sha mai, a ciki zai sallami jami'ai, abin da ya rage shi ne nasa. Ke nan duk hannun da aka ɗaga maka, daga aljihun iyalinka ake yankowa. Wannan ne ke sa wasu su saki mota a firi, wato ba giya, a gangare don su rage shan mai, wasu su ɗora lodin gefe a kan na asali, wasu su kwana suna tuƙi don su cike giɓi. Mu duka mun san haɗarin, amma lissafin gida ya fi kusa da ido.

A haka na girma, na karɓi mota, na yi aure, Allah ya ba ni 'ya'ya. Ina da rufin asiri daidai gwargwado. Sai na samu aiki wurin wani mai motoci da yawa, aka ba ni wata tirela da direbanta ya ajiye aiki ban san dalili ba. Tun fitar farko na ji birkinta yana da nisa, sai na danna sosai kafin ta saurare ni, kuma ina jin bodin yana turo kan motar daga baya. Na dawo na gaya wa manajan. Ya ce bai daɗe da fito da ita daga gareji ba, halinta ne haka, zan saba. Na sake yin magana, sai ya ce idan ba zan iya ba akwai direbobi a bakin ƙofa suna jiran makulli. Sabon ma'aikaci ne ni, ga iyali, na ja bakina na yi shiru.

Ranar da abin ya faru an yi mini lodin kayan gini, mota ta cika maƙil. Da la'asar sakaliya na iso wani shinge na masu duba lafiyar mota, a gabansa kaɗan akwai wani dogon gangare mai kwana a ƙasansa, wanda kowane direba a hanyar yake shakka. Wani jami'i mai ɗan shekaru ya ɗaga mini hannu. Na sauko da fara'ata kamar yadda aka koya mini, na miƙa takardu. Ya buɗe, ya duba, ya zaro abin da ke ciki ya miƙo mini.

“Direba, ka manta kuɗinka a cikin takarda.”

Na ɗauka raini ya yi wa abin, na fara lalube a aljihu. Bai ko kalle ni ba. Ya fara zagaya motar a hankali, duk taya sai ya sunkuya ya kai bayan hannunsa kusa da durom, wato gangar ƙarfen da birki ke kamawa a cikin taya. Da ya gama ya yafito ni. Ya ce in sa hannu a na kan motar. Ban iya kai hannun ba saboda zafi, har wani ƙauri ke tashi. Ya ja ni baya, ya ce in taɓa na layukan taya biyu na ƙarshen bodi. Sanyi ƙalau, kamar motar da ta kwana a ajiye.

“Tun safe kake taka birki, waɗannan ba su yi aikin komai ba,” in ji shi. “Ka san haka?”

Na ce wallahi yallaɓai ban sani ba.

Ya karɓi kwali a wurin wani yaro ya shimfiɗa, ya kwanta da kakinsa ya shige ƙarƙashin motar da tocila. Tunda nake ban taɓa ganin jami'i ya yi haka ba. Ya kira ni na shiga. Ya haska mini tiyon da ke kai iska ga birkin waɗannan tayoyi, an cire su an toshe bakinsu da ƙusa an ɗaure da waya, an kuma ɗaure sifirin ɗin tukwanen birkin da noti don kada su kama. Motar tana da layin taya shida, wato birki goma sha biyu, huɗu a ciki an kashe su da gangan. Jikina ya yi sanyi. Na tuna direban da ya ajiye makulli ya tafi bai yi wa kowa bayani ba.

Ya ce motar ba za ta motsa daga nan ba sai an gyara. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na ce ya bar ni in lallaɓa da giya ta ɗaya in sauke kayan, na yi alkawarin daga can gareji zan wuce. Ya ce a'a. Na kira mai motar, bai bari na gama bayani ba ya ce, “To ka sallame shi mana.” Na ce ranka ya daɗe ya ƙi karɓa. Ya ce in ƙara. Na ce wannan ba irin waɗancan ba ne. Ya ce babu wanda ba ya karɓa, ni ne ban iya magana ba. Jami'in ya karɓi wayar ya yi masa bayani cikin natsuwa, shi kuwa ya kashe.

Sai aka zo rubuta takardar tara. Ina kallo ya rubuta sunana da lambar lasina. A nan ne raina ya ɓaci har muryata ta fara rawa. Na ce, yallaɓai, kai da kanka ka ga aikin bakanike ne, ni na toshe? Ya dakata da rubutun ya ce, “Na sani, malam. Amma kai na samu a kan sitiyari, kuma kai doka ta ba ni.” Ya ƙarasa rubutunsa ya yage ya miƙo mini.

Na kwana a wurin, na sake kwana, ina gadin kayan mutane. Mai motar ya ja ƙafa kafin ya turo bakanike, don yana ta neman wanda zai kira a sama a saki motar. Bai samu ba. Kafin a gyara in kai kayan, mai kayan ya fusata ya janye cinikinsa daga kamfanin. Da na koma, manajan ya karɓi makulli a tsaye ko zama bai ce in yi ba. Aka lissafa tara, aka lissafa kuɗin gyara, aka lissafa asarar ciniki, aka ce duk a kaina suke, don haka albashin da nake bi ya tafi a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ciwo shi ne maganar da ta riga ni zuwa ko'ina. Masu motoci sun san juna. Duk inda na je neman aiki sai in tarar an ce ni ne direban da ya bari aka riƙe mota saboda taurin kai, wasu ma suka ce farar ƙafa gare ni.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsanani a rayuwata. Na sayar da abin da zai sayu. Aka koro yara daga makaranta. Mai gidan haya ya fara zuwa da sassafe don ya ritsa ni, ni kuma na koma fita kafin gari ya waye, in je in zauna a tashar manyan motoci ina jiran ko wani zai rasa direba. Waɗanda na koya wa tuƙi suna wucewa su ɗaga mini hannu daga sama, wani ya sauko ya damƙa mini ɗan abu a ɓoye, in karɓa ina jin kamar ƙasa ta tsage. Barci ya ƙaurace mini. Idan na kwanta fuskar jami'in nan nake gani, kuma ban ɓoye muku ba, na tsane shi fiye da yadda na tsani mai motar. A lissafina na lokacin, ɗaruruwan jami'ai sun karɓi kuɗina sun bar ni na ci gaba da ciyar da iyalina, mutum ɗaya mai gaskiya ya zo ya rushe mini gida. Shi ya koma wurin iyalinsa da albashinsa da mutuncinsa, mai mota ya sa wani direba, ni kaɗai aka bari a rana.

Matata ta yi haƙurin da ban san da me zan biya ta ba. Wata rana da dare ina ta surutun jami'in, sai ta ce, “Baban yara, da ya bar ka ka gangara aka kawo mini gawarka fa?” Na daka mata tsawa na fice. Maganar ta yi mini zafi ne don ba ni da amsarta, kuma mai yunwa ba ya son a ba shi haƙuri da abin da bai faru ba. Mahaifiyata kuwa abu ɗaya take maimaitawa, cewa in daina zaman jira, in nemi abin da hannuna zai yi ko da ba tuƙi ba ne.

Kusa da inda nake zaman akwai rumfar wani bakaniken birki, saurayi, da kaɗan ya girmi ɗana na fari. Inuwarsa nake shiga idan rana ta yi zafi. Wata rana yaronsa bai zo ba ya ce, “Baba, don Allah riƙe mini sifanar nan.” Na riƙe. Kashegari ma na riƙe. Daga baya na cire kunya na ce ya ɗauke ni in koyi aikin. Ya yi ta kame-kame, ya ce shi ba zai iya aiken sa'an babansa ba. Na ce ya aike ni, ni na kawo kaina. Haka muka zauna, yana ce mini Baba ina ce masa Oga, mutane suna dariya. Ranar farko da wani abokin tuƙina ya kawo mota ya tarar da ni kwance cikin baƙin mai, ya rasa abin da zai ce, sai ya yi kamar bai gane ni ba. Na gode masa a raina.

A wannan rumfa na san motar da na shekara da shekaru ina ja. Na ga yadda kwamfuresa ke tara iska a tankuna, a yawancin motoci allurar takan tsaya wajen 120 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira psi, ƙararrawa kuma ta fara kuka idan ta sauko kusa da 60. Na gane cewa a cikin tukunyar birkin baya akwai wani ƙaƙƙarfan sifirin da iska ce ke danne shi, idan iska ta zube sai ya saki ya kama tayar da kansa. Masu ƙera motar sun yi haka ne don ko tiyo ya fashe motar ta tsaya. Wanda ya ɗaure wannan sifirin da noti ya cire kariya ta ƙarshe ke nan. Na gane dalilin zafin da na ji a durom ɗin gaba: birki takwas ne ke yin aikin goma sha biyu. Idan durom ya yi zafi sosai yakan buɗe ya yi nesa da lainin da ke kama shi daga ciki, lainin ɗin ma ya rage kamu, sai ka taka har ƙasa mota tana tafiya. Abin da muke cewa birki ya tsinke, sau da yawa babu abin da ya tsinke, zafi ne ya cinye shi a hankali tun daga saman gangare. Shi ya sa ake sauka da ƙaramar giya a bar inji ya riƙe motar, kuma shi ya sa sakin mota a firi ganganci ne, don inji na tafiya a hankali kwamfuresa ba ya tara iska da sauri, kai kuma kana ta zubar da ita da ƙafarka. Idan kuma bodi ba ya kama birki, nauyinsa yakan turo kan motar ya naɗe ta a kwana. Oga ya koya mini zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iska kullum, da wani gwaji mai sauƙi: ka cika iska, ka kashe inji, ka sa waigi ka saki birkin hannu, ka danne birki na minti ɗaya kana kallon allura. A tirela bai kamata ta sauka fiye da psi 4 ba.

Na kuma ga ɗaya ɓangaren na cinikin. Kusan kullum sai wani manaja ko mai mota ya zo da tukunyar birki mai yoyo, a gaya masa kuɗin sabuwa, ya ce a toshe kawai a je a dawo, in an dawo a gyara. Ba a dawowa. Oga yakan ƙi, wani lokaci kuma idan kasuwa ta yi sanyi yakan yi, ya ce idan bai yi ba na gaba da shi zai yi. Direban da zai ja motar galibi ba ya wurin. Haka abin yake a taya. Maƙwabcinmu mai faci ya nuna mini lambobi huɗu da ke ƙarshen rubutun gefen taya, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, misali 2315 tana nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2015. Ya nuna mini tayoyin da suka sule aka sake sassaƙa musu zane da wuƙa mai zafi har ana kusa da taɓa wayar ciki. Daga nesa sabbi ne. Ka ɗora musu lodi fiye da ƙima, iska ta yi ƙasa, kwalta ta yi zafi, sai fashewa.

A tsakanin nan ne wani da muka yi yaron mota tare, wanda Allah ya kai shi Turai yana tuƙi a can, ya ji labarina ya fara turo mini saƙon murya. Na ba shi labarin takardar tara. Ya ce su ma ana tare su, kuma jami'ansu ba sa wasa. Akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta duk motsinsa, ba ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana sai a wasu ranaku ƙalilan da aka yarda ya kai 10, kuma bayan awa huɗu da rabi dole ya huta minti 45. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya ce dokar Tarayyar Turai ta 2006 a kan awannin tuƙi ta ɗora wa kamfani alhakin laifin da direbansa ya yi, har za a iya bin sa ofis. Daga baya na ji cewa a Ostareliya dokar manyan motoci ta haɗa da mai mota, da wanda ya yi lodi, da wanda ya tsara lokacin tafiya, da mai kayan, kowa yana da nasa kason na alhaki. A Amurka da Kanada kuwa, idan kashi 20 cikin ɗari na birkin mota ya lalace ba ta ƙara motsi sai an gyara. Tawa kashi ɗaya cikin uku ne a mace. Abokin nawa ba daɗi kaɗai yake faɗa ba, yana kukan kaɗaici da sanyi da tara mai nauyi a kan kuskure kaɗan. Amma ya ce bai taɓa jin tsoron gaya wa kamfani cewa mota ba ta da lafiya ba, don su ma suna tsoron abin da zai biyo baya.

Komawata tuƙi ta zo ne ta hanyar rumfar nan. Wani kamfani da ke kawo mana gyara yana neman direbobi, Oga ya yi mini magana. A wurin gwaji, bayan an ga tuƙina, aka ce in zagaya mota in faɗi abin da zan duba kafin tafiya. Sauran suka duba mai da ruwa da fitila. Ni na nemi kwali. Aka ɗauke ni. A horon da suka ba mu na ji abubuwan da ban taɓa ji ba. Malamin ya ce rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Ya kuma yi mana bayanin sikeli, wanda da nake ɗauka wata hanyar tatsar kuɗi ce kawai. Ya ce wani babban gwaji da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan ka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau 16. Ramukan da ke karya mana sifirin muna zagin hukuma, da hannun lodinmu a ciki.

Yanzu kafin in tashi akwai takarda da nake cikewa, in rubuta duk abin da na gani a motar, manaja ya sa hannu. Yaran da ke aiki inda babu irin wannan takarda nakan ce musu su ɗauki hoton abin da ya lalace, su tura wa mai mota saƙon murya, kada su goge. Ba zai hana a kore su ba, amma ranar da magana ta kai gaban hukuma suna da abin nunawa, wanda ni ban da shi a lokacin. Idan na tsaya hutawa bayan doguwar tafiya nakan zagaya in kai bayan hannuna kusa da kowane durom, kamar yadda na ga mutumin nan ya yi.

Kada wani ya ɗauka hanya ta gyaru. Masu kallon fuska suna nan, kuma mota mai lafiya ba ta hana su riƙe takardunka. Abin da ya canza shi ne yanzu na san abin da ke ƙarƙashina, don haka idan aka ce ga laifi nakan ce yallaɓai mu je ka nuna mini, idan kuma tara ce a rubuta mini takarda in je in biya a inda doka ta ce. Wasu sukan gaji su jefo mini takarduna, wasu su shanya ni har rana ta faɗi. Ina iya wannan haƙurin ne saboda albashina na wata ne kuma kamfanin ya hana mu bayarwa. Direban da ake biya bisa yawan zuwa, wanda kowace awa a bakin titi asara ce daga bakin 'ya'yansa, ba ni da bakin zarginsa idan ya naɗe kuɗi a takarda.

Mutane idan na ba su labarin nan suna son in ce jami'in ya ceci raina. Allah kaɗai ya san abin da zai faru a gangaren nan, mai yiwuwa in sauka lafiya kamar yadda na sauka a wasu kafin shi. Abin da na sani shi ne na taɓa durom huɗu masu sanyi da hannuna, kuma a ƙasan gangaren akwai mutane da ƙananan motoci. Tsanar da na yi masa ta fita daga raina tun ina rumfar Oga, har nakan sa shi a addu'a. Ciwon takardar nan mai sunana kuwa bai warke ba. Wanda ya ba da umarnin a toshe tiyon bai biya komai ba, motocinsa suna kan hanya har gobe, mukan yi kiciɓis da su, albashina kuma yana wurinsa. Muddin alƙalamin jami'i bai wuce kan direba ya isa ofishin mai mota ba, jami'in kirki zai ci gaba da zama abin tsoro ga direba fiye da mai karɓa.

Ɗana na fari ya gama sakandare, ya ce shi ma tirela yake so ya ja. Uwarsa ba ta so. Ni ban hana shi ba, amma na ce sai ya fara zama a rumfar Oga ya iya kwance birki ya mayar da hannunsa kafin in nema masa lasin. Yana ganin ɓata masa lokaci nake yi, tunda sa'o'insa har sun fara karɓar mota. Ya je na 'yan kwanaki ya daina, ya koma, yanzu haka ma fushi yake da ni. Oga ya ce in ƙyale shi, yaron yana da hannu, kuma ya riga ya fara gane yoyon iska da kunne.